Huhun Wace Saniya Ne Wannan?

Na san za ku ce shekaruna nawa da zan zauna rubuta tarihin rayuwa. Umma ma da ta gan ni da biro cewa ta yi, yarinyar da ko wankin tukunya ba ta gama iyawa ba wane tarihi ta tara. To ku ƙyale ni. Tsofaffi ke rubuta irin wannan, ni kuwa a shekarar da zan ba ku labarinta na tsufa. Ku duba tsakiyar kaina da kyau, na rantse sai kun tsinci furfura. Kuma dole ce ta sa. Sadik, kai da Nana kun cika unguwa da cewa wai Dada ta zagi Abba ranar Babbar Sallah a gaban jama'a. Har unguwar Soron Ɗinki maganar ta je, ta dawo mana da ƙafafu da wutsiya. Alhali a lokacin kai kana can kana kuka a ba ka ƙahon rago, Nana tana gwada wa maƙwabta takalmin Sallah. Ni, Kulu, yayarku, ni ce a tsaye kusa da ita. Dada ba ta zagi kowa ba. Kalma ɗaya ta faɗa, ku ne ba ku san nauyinta ba.

Gidanmu na gindin Goron Dutse kun san shi, amma ba ku san dokokinsa ba, don ba wanda ya taɓa faɗar su da baki. Ta farko ita ce, Abba ɗan farin Dada ne, saboda haka a wurinta ba shi da suna. Tun da aka haife ni ban taɓa jin ta kira shi ba. In tana son a ba shi fura sai ta ce a kai wa mutumin soro. In ya durƙusa a bakin ƙofarta zai gaishe ta, sai ta juya tana tambayar kaza ko ta kwana lafiya. An ce ranar da babur ya kayar da shi a Kabuga, aka shigo da shi da karaya kowa yana salati, ita ko kai ba ta ɗaga ba, ta ci gaba da dama furarta. Sai daga baya aka lura ƙwaryar babu komai a ciki, ludayi kawai take ta juyawa. Wannan ita ce kunyar ɗan fari. Dada a ruga aka haife ta, kuma da kunyar nan ta shigo birni, kamar yadda ta shigo da ƙoranta.

Doka ta biyu, a gidanmu ba a cewa taba. Kullum bayan la'asar, in Abba ya dawo daga kara inda yake dillancin shanu, sai ya lallaɓa bayan dutse. In aka tambaya ina yake, Umma ta ce ya fita shan iska. Ya dawo yana tauna kanumfari kamar mai ciwon haƙori, yana tsammanin ya rufe asiri, alhali hatta akuyar maƙwabta ta san irin iskar da yake sha. Babba ba ya shan wannan abu a gaban uwarsa, uwa kuma ba ta nuna ta sani, shi ke nan an zauna lafiya. Sai tarin asuba. Tarin Abba kuwa irin na janareton da ruwa ya shiga ne: ya kama, ya mutu, ya sake kamawa. Ni ba na buƙatar ladan, da shi nake tashi. Har na ƙware wajen kwaikwayonsa, kuna birgima da dariya, Umma tana jifana da muciya.

A da kwalin tabar rubutun Turanci kawai gare shi. Wata rana an aike ni sayen ashana wurin Malam Garba mai tebur, na tarar da majalisar dattawa, sai ya ɗaga wani kwali.

"Kulu 'yar boko, zo ki fassara mana. Me suke cewa a nan?"

Na gyara murya kamar mai karanta labarai na ce, "Wai masu shan taba na iya mutuwa da ƙuruciya."

Wani tsoho mai wankin hula ya tafa hannu. "To ai mu mun tsallake! Ƙuruciya ta tafi ta bar mu, sai su nemo wani rubutun."

Aka yi ta dariya, ni ma na fi kowa. Rubutu ai rubutu ne, ba ya kallon mutum.

Shekarar da nake aji huɗu na sakandare kwalin ya canza. Ranar wata Asabar ina wanki, na zura hannu a aljihun kaftanin Abba ina fatan na ci karo da canji, sai na zaro kwali. Na juya shi, ai kuwa na wurgar da shi cikin bahon kamar na taɓa kunama. Hoto ne a jiki, ya cinye rabin kwalin. Huhu biyu: ɗaya ja, mai sheƙi, ɗaya baƙi ƙirin, ya motse, ya yi tabo-tabo kamar gindin tukunyar da aka manta a murhu. Na tsamo shi, na goge, na sake kallo. Ban san me ya sa ba, a take na ji tarin asuba a kunnena, kuma wannan karon bai ba ni dariya ba. Wato duk kwaikwayon da nake yi, ƙarar wannan baƙin abin nake kwaikwaya. Yana nan cikin ƙirjin Abba, a ƙarƙashin kaftanin da nake wankewa, yana bin sa masallaci, yana bin sa kara. Daga ranar barcina ya lalace. Tun kafin kiran sallah idona biyu, ina jira. In ya yi tari gabana ya faɗi. In ya makara bai yi ba, gabana ya fi faɗuwa.

Ban san wa zan nuna wa ba, sai na nufi ɗakin Dada, don tsakanin jika da kaka babu abin da ba a faɗa da sunan wasa. Na shiga ina rangwaɗa.

"Tsohuwa mai ran ƙarfe, na kawo miki hoton saurayi."

"Ja'ira. In mai kyau ne ai da kin riƙe abinki. Miƙo."

Ta kai shi dab da hancinta, don idonta ya yi rauni. Ta daɗe tana kallo. Na ga fara'ar ta zube.

"Huhun wace saniya ne wannan?"

Na buɗe baki zan yi dariya, ta ɗaga mini hannu. Ta ce ta san wannan ciwon, ba yau ta fara ganinsa ba. Tana yarinya, kafin aure ya kawo ta birni, ciwon huhu ya shiga garken mahaifinta. Da asuba ake gane wadda ya kama, in ji ta: garke ya yi tsit, sai ka ji guda ta yi tari can a tsakiya, busasshen tari, ta miƙar da wuya. Ita ce mai tatsa, saboda haka ita ke fara ji, kuma ta san muryar kowace saniya. Sai ta tsaya da ƙwarya a hannu tana addu'a Allah Ya sa ba wadda take zato ba ce. In aka yanka aka buɗe, haka ake tarar da huhun, ya yi baƙi, ya manne da haƙarƙari, ko kare ba a ba shi. Kafin damina ta dawo, abin da ya rage musu bai kai a kira shi garke ba.

"Ki gaya wa mai wannan saniyar ya ware ta, ya nemo mata magani tun tana tashi da ƙafarta."

Na ce, "Dada, ba na saniya ba ne. Na mutum ne."

"Wane mutum?"

Ta shinshina kwalin. Ta juya shi. Daga soro muka jiyo Abba ya yi gyaran murya, ya zarce da tari. Dada ba ta kalli ƙofa ba. Ta ɗaga gefen katifarta, ta tura kwalin ciki, ta ce in tashi in ba ta wuri, na cika ta da surutu.

Da na ga tsohuwa ba za ta yi komai ba, sai na kama yaƙi ni kaɗai, irin yaƙin da na iya. Na dinga tsintar kwalayen da aka yar a bayan dutse, ina yanke hoton da reza. Abba ya ɗauki hularsa, huhu a ciki. Ya duba madubin babur, huhu. Ya buɗe kwanon tuwo, huhu a manne a murfi. Na cika gidan nan da huhu har ya fi kwata. Bai taɓa cewa uffan ba, don in ya yi faɗa ya amsa ke nan cewa akwai abin da ake magana a kai. Abin da ya yi kawai, ya samo gwangwanin alewa ya riƙa juye karan a ciki, ya yar da kwalin tun a hanya. Da na koma teburin Malam Garba na ga ashe ba shi kaɗai ba ne. Duk kwalayen an juya musu fuska bango, wasu an liƙe hoton da baƙin salatif. Masu saye kuma sun koma kara ɗaya, kara biyu, ba ruwansu da kwali.

Na ce, "Malam Garba, me ya sa ka rufe musu ido?"

"Ke dai bari, 'yar nan. Wannan hoton ya hana ni cin balangu. Akwai yara biyu da suka gani suka ce sun tuba, sauran kuwa cewa suke in ba su ta ɓangaren jan huhun."

Ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai ta ranar fassara ba. Na lura tsohon nan mai wankin hula ba ya majalisar. Na tambaya, aka ce yana kwance. Ban ƙara tambaya ba, don na ji tsoron amsar.

Ana saura kwanaki kaɗan Babbar Sallah abin da nake gudu ya zo. Da asuba Abba yana alwala a bakin rariya, tari ya sarƙe shi har ya dafa bango. Ya tofar, ya yi sauri ya kwara ruwan buta. Amma ina tsaye da tsintsiya, na riga na gani. Ja ne. Muka haɗa ido.

"Goro ne," in ji shi.

Na ce to. Ya wuce masallaci. Wa ke cin goro kafin sallar asuba? Na zauna a kan turmi. Na ga gidanmu cike da tabarmi, na ga mata suna shigowa suna cewa ya haƙuri, na ga ku biyu an sa ku a gaba ana shafa muku kai. Duk a cikin ƙiftawar ido na gani. Na ruga kicin wurin Umma, ta toshe mini baki da tafin hannunta mai warin albasa.

"Rufe mini baki. Kina tsammanin ban gani ba? Na roƙe shi ya je asibiti, ya ce sanyi ne. Na yi kuka, ya ce in daina yi masa fatan tsiya. Mutum ɗaya ce a duniyar nan in ta ce ya je zai je, ita kuwa kin san ba za ta ce ba."

Na je na sami mutum ɗayan tana jan carbi. Wannan karon ban yi rangwaɗa ba. Na durƙusa na ce, "Dada, saniyar nan ta fara zubar da jini." Carbin ya tsaya. Sai ta ci gaba da jan sa, har na gaji da durƙuso na fita. Na ji haushinta ranar, ba zan ɓoye muku ba. Na ce a raina wace irin kunya ce wannan da za ta bari a binne mutum.

Ranar Sallah gida ya cika. Baffa Sale, ƙanen Abba, ya zo da iyalinsa, Goggo Mairo ma ta zo da nata. Aka yanka rago, ana fiɗa a tsakar gida. Kun san al'adar Abba: ba a taɓa kayan ciki sai ya duba. Ya ɗaga hanta, ya juya ta, sannan ya ɗauki huhun ya nuna wa yara yana alfahari da idonsa na dillali.

"Ku kalla nan. Ja, ba tabo, ba ƙulli. Dabbar da huhunta ya yi haka ita ce lafiyayya. In kun ga ya yi baƙi, ko kyauta aka ba ku kada ku karɓa."

Sai ga Dada ta fito, tana dogara sandarta. Ita da ba ta taɓa zama inda Abba yake tsaye ba, ta ratso tsakiyar maza har bakin tiren. Ta ce in riƙe mata sanda. Ta kwance bakin zaninta, ta ciro kwalin nan, ta ajiye shi a kan tire, gefen huhun ragon, hoton yana kallon sama. A gidan da ba a cewa taba, ga ta nan kwance a gaban kowa. Dada ta fuskanci ragon da aka feɗe, shi ta fara yi wa magana, kamar yadda ta saba.

"Kai ka ji daɗi, an duba naka. Akwai wanda ya iya duba na dabbar mutane, nasa kuwa ya bar wa Allah."

Baffa Sale ya yi 'yar dariya don a mayar da abin wasa. Abba ya sunkuyar da kai, ya miƙa hannu zai ɗauke kwalin, yana cewa yara ne suka tsinto a bola. Na ga abin zai wuce kamar yadda komai ke wucewa a gidanmu. Ina jin ita ma ta gani. Sai ta juyo, ta kalle shi a ido, abin da ban taɓa gani ba.

"Bello."

Wallahi da aradu ce ta faɗo a kan Goron Dutse da ba ta razana mu haka ba. Goggo Mairo ta saki kwanon da ke hannunta. Umma ta dafe ƙirji. Ni kaina sai da na waiga ina neman wane ne Bello, don a bakin Dada sunan ya zama baƙo. Muryarta ta fita a shaƙe, kamar ƙofar da aka shekara ba a buɗe ba. Abba ya durƙushe a wurin, hannunsa duk jinin rago.

"Na ga garken ubana ya ƙare ina tsaye da ƙwarya," in ji ta. "Ba zan sake tsayawa ba. Ka je a duba."

Ta ɗauke kwalin, ta karɓi sandarta ta koma ɗaki. To kun ji zagin da kuke yaɗawa.

Abin da ba ku gani ba shi ne abin da ya biyo baya. Dada ta yi kwanaki ba ta leƙo tsakar gida ba. Naman Sallar nan ko tsoka ba ta ci ba. Tsofaffin danginta suka yi ta aiko da magana, wai birni ya cinye ta, wai ta zubar da abin da uwarta da kakarta suka riƙe har kabari. Wata ma cewa ta yi ruɗewar tsufa ce. Na shiga kai mata kunu na tarar ta juya fuska bango. Na ce, "Tsohuwa, ashe kin san sunan saurayin naki." Ba ta ce mini ja'ira ba. Cewa ta yi, "Kulu, ji nake kamar na fita kasuwa ba zani." Ranar na gane cewa abin da na ɗauka taurin kai ne, ita suturarta ce, kuma ita ta tuɓe a gaban mutane saboda Abba.

Shi kuwa washegarin da aka koma aiki Baffa Sale ya kai shi asibiti. Aka ɗauki hoton ƙirjinsa. Da suka dawo na saci kallon hoton a hasken taga, ban gane komai ba sai haƙarƙari da wani hazo-hazo. Likita ya ce akwai ciwon da magani zai kashe in an jure shan sa wata da watanni, akwai kuma ɓarnar da ta riga ta zauna, ba ta komawa. Ya ce in ya ci gaba da abin da yake yi, to kada ya wahalar da kansa da maganin. Bari kuwa ba ta zo da sauƙi ba. Abba ya zama kamar zakin da aka taka wa wutsiya, kyanwar gidan nan ma sai da ta yi hijira. Ya ci goro har na zaci za a naɗa shi sarkin goro. Sau ɗaya na ji warin a rigarsa, na kai wa Dada rahoto. Sai ta fito ta zauna a ƙofar soro bayan la'asar da carbinta. Ya zo zai fita, ya gan ta, ya koma ciki. Ba ta sake kiran sunansa ba, har yau. Ta koma tambayar kaza ko ta kwana lafiya.

Yanzu in Umma ta ce Abba ya fita shan iska, iskar ce da gaske. Yana hawa dutse a hankali, yana tsayawa yana hutawa a inda da yake wucewa a guje. Gwangwanin alewar yana aljihunsa, kanumfari ne a ciki. Na sani, don ni ke wanki. Kwalin kuma yana ƙarƙashin katifar Dada, kada wanda ya taɓa shi. Tarin bai tafi duka ba, kuma ban ƙara kwaikwayonsa ba, kada ku sake roƙo na. Har yanzu kafin kiran sallah idona biyu. Da na zaci ni kaɗai ce, sai na lura ƙofar Dada a ɗan buɗe take a wannan lokacin, ko da sanyi ake.

In gari ya waye na je gaishe ta, ba ta tambayata makaranta, ba ta tambayata karatu. Takan ci gaba da juya ludayinta a ƙwaryar da babu komai, ba ta kalle ni ba, ta ce:

"Yaya garke?"

In ce, "Ya kwana lafiya, Dada. Sau ɗaya ya motsa, ba ja."

Sai ta saka fura a ƙwaryar.